GUZURIN ƊAN KWALEJI: A AUNA DA MUDU KAFIN A ƘIRGA NAIRA



A tarurrukan ƙungiyoyin gama kai, bayan an gama maganar taki da iri da rance, akwai wata tambaya da iyaye sukan yi a gefe, da murya ƙasa-ƙasa: "Malam, yarona ya sami shiga kwaleji. Nawa ya kamata in riƙa aika masa?" Ba a cika yin ta a gaban jama'a ba, gama mai aika kaɗan yana jin kunya, mai aika da yawa kuma yana tsoron a ce ya ɓata ɗansa. Saboda haka kowa yana ta lalube shi kaɗai. Mun ga ya kamata mu fito da maganar fili, domin ta shafi rumbunmu, ta kuma shafi rayuwar 'ya'yanmu da ke Gindiri, Gidan Waya, Akwanga, Hong, Waka-Biu, Jos, Zariya da sauran wurare.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne wannan. Kada maƙwabci ya yanke maka adadin, kada kuma kiran waya na tsakar dare ya yanke maka shi. A zauna da kaka, uba da uwa da yaron, a fara auna abinci da mudu, sa'an nan a ƙirga naira, a kuma riƙa aikawa wata-wata a rana ɗaya da kowa ya sani.

ZAMANI YA SAKE

Da yawa cikin dattawanmu suna auna yau da mudun jiya. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, makaranta ce ta ba shi wurin kwana, ta ciyar da shi. A jami'o'i ma akwai ɗakin cin abinci mai rahusa. Babbar tarzomar ɗalibai ta 1978, wadda ake kira "Ali Must Go", ta taso ne sa'ad da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga ₦1.50 zuwa ₦2.00. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Tun daga nan tukunyar ɗalibi ta koma wuyan iyayensa.

Ko mu da muka yi kwaleji ba da daɗewa sosai ba, lissafinmu ya riga ya tsufa. A 2011 litar man fetur ₦65 ce. Kafin watan Mayu na 2023 tana ƙasa da ₦200. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, nan da nan ta haura ₦500 a garuruwan Arewa, a watan Oktoba 2024 kuma ta wuce ₦1,000. Kuɗin mota, da na niƙa, da na kowane kwanon abinci suka bi ta. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Uban da ke cewa, "Abin da na ba wanka ya ishe shi, kai ma zai ishe ka," yana iya jefa ɗansa cikin yunwa bai sani ba.

RAMUKA BIYU

Ramin farko shi ne a ba da abin da bai kai ba. Ɗalibai suna da nasu lissafin cin abinci, sukan ce "sifiri, ɗaya, sifiri", watau babu karin kumallo, akwai na rana, babu na dare. Suna faɗa da dariya, amma ciki wofi ba ya riƙe karatu. Yaron da yunwa ta matsa yakan bar darasi ya tafi acaɓa ko aikin lebura. Wani yakan karɓi bashi daga manhajojin waya masu ruwa mai nauyi, waɗanda sukan aika wa dangi da abokai saƙon cin mutunci idan an makara biya. 'Ya mace kuwa hatsarinta ya fi girma. A ƙofar kowace babbar makaranta akwai maza masu mota da suka san ranar da guzurin yarinya yake ƙarewa. Muna yi wa 'ya'yanmu mata wa'azin tsarki kowace Lahadi, daidai ne. Amma idan mun aika da yarinya gari babu kuɗin sabulu, mu ne muka bar ƙofa a buɗe.

Rami na biyu shi ne a ba da abin da ya wuce kima, ko a damƙa shi duka a lokaci ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe ₦10,000 tasa ba, ranar tafiya a miƙa masa kuɗin buhu uku, me muke tsammani? Sabuwar waya, sabon takalmi, abokai masu yawa. Ga kuma cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya, ba sai an je wani gida ba. Kafin wata biyu aljihu ya bushe, sai kira ya fara zuwa gida da labarai iri-iri.

Ramin nan na biyu yakan ci gidan duka. Mun sha ganin manomi ya sayar da hatsin da iyali za su ci da damina, ko ya taɓa kuɗin taki, ko ya karɓi bashin ba-da-kaka, domin kada a ce ɗansa ya kasa 'ya'yan ma'aikata. Ɗa ɗaya yana shan lemo a gari, ƙannensa biyar suna shan kunu tsararo a gida. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

A RABA KUƊIN GIDA UKU

Yawancin rikicin da ke tsakanin iyaye da ɗalibai yana zuwa ne domin an cuɗa kome wuri ɗaya da sunan "kuɗin makaranta". A raba shi uku.

Na ɗaya, kuɗin da makaranta ta sa: rajista, ɗakin kwana ko hayar ɗaki, da kuɗin sashe. Wannan a rubuce yake. A nemi takardar, a biya ta banki, a kawo rasit gida a ajiye. Kada a haɗa shi da guzuri.

Na biyu, abinci.

Na uku, kuɗin ɓatarwa na wata: cefane, makamashi, mota, data, buga takardu, sabulu, magani, baiko.

A FARA DA MUDU

Nan ne manomi ya fi ma'aikaci. Ma'aikaci sai ya sayi kowace ƙwaya, mu kuwa muna da rumbu. Naira tana narkewa, amma mudun wake mudun wake ne ko farashi ya hau ko ya sauka.

Baligi mai ƙarfi yana bukatar wajen rabin kilo na hatsi a yini. A wata, kilo 15 ke nan. A ma'aunin tiya, inda buhu mai kilo 100 yake ɗaukar tiya 40, wannan tiya 6 ce. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sai kowa ya juya lissafin zuwa ma'aunin garinsu. Zangon karatu yakan kai wata 4, watau tiya 24. Zango biyu, tiya 48: buhu ɗaya da tiya 8. Wannan shi ne cin ɗalibi na shekara, kuma bai fi ƙarfin yawancin membobinmu ba.

Kada ya zama masara zalla. A haɗa da wake, shinkafa, garin rogo, acca ko doya inda ake nomansu. A ƙara gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, manja ko man gyaɗa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir da barkono. Garin waken soya da aka soya aka haɗa da dawa ko gero yana yin kunun safe mai riƙe ciki, ya fi shayi da burodi araha nesa ba kusa ba. A tuna ɗalibi ba shi da lokacin dahuwa mai tsawo, gas da kananzir kuma suna da tsada. A niƙa abin niƙawa tun daga gida, amma kada a niƙa na zango duka, gama gari ba ya daɗewa kamar tsaba.

Gargaɗi ɗaya: waken da za a ba yaro kada ya zama wanda aka zuba wa maganin ƙwari. A ajiye shi cikin buhun PICS mai gida uku, ko cikin jarka mai murfi da aka cika aka toshe sosai. Rashin iska yana kashe ƙwarin ba tare da guba ba.

Da namiji da mace, kowa ya koyi girki kafin ya bar gida. Saurayin da bai iya tuƙa tuwo ba, mai sayar da abinci ce za ta cinye guzurinsa.

SA'AN NAN A ƘIRGA NAIRA

Ba za mu buga adadi ɗaya a nan mu ce kowa ya bi ba, gama rayuwar Zariya dabam take da ta Hong, wanda yake kwana cikin makaranta kuma ba ɗaya yake da mai hawa Keke kullum ba. Amma akwai hanyar samun adadin.

A watan farko a ba yaro ƙaramin littafi, ya rubuta kowace naira da ya kashe. A kuma tambayi ɗalibi ɗaya ko biyu na ikilisiyarmu da suka riga shi shiga wannan makarantar, waɗanda aka san halinsu. Daga nan sai a jera bukatun: kayan miya, gas ko gawayi, ruwa, mota, data, hoton takardu, sabulu, aski ko kitso. A tara. Abin da ya fito, a ɗora kashi 1 cikin 10 a kai, wanda yaro zai yi abin da ya ga dama da shi, ba mai tambayarsa. Daga ciki zai ba da baikonsa, ya taimaki abokin da ya rasa, ya sayi tsire ranar da ransa ya so. Wanda ba a taɓa barinsa ya zaɓa ba, ba zai iya zaɓe ba ranar da ya kama albashi.

Ga wani ma'auni da zai taimaka. Sa'ad da asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, ya fara aiki a 2024, ya sa kuɗin ɗawainiyar ɗalibi ₦20,000 a wata. A raba wannan gida 30, bai kai ₦700 a yini ba. Babu garin da wannan zai sayi abinci sau uku. Amma ga ɗalibin da ya zo da hatsi da kayan miya daga gida, kuɗi kamar wannan yana iya ɗaukar sauran bukatunsa. A shekarar nan ta 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi ₦70,000, kuma da shi magidanci yake riƙe iyali. Idan ɗalibi mai abincin gida yana neman abin da ya kusa wannan kowane wata, akwai abin da ya kamata a bincika.

Bayan an sami adadin, a mai da shi buhu, domin shi ne harshen da manomi yake ji. Misali kawai: idan lissafi ya ba da ₦15,000 a wata, wata 8 na karatu ₦120,000 ke nan. Idan buhun masara yana ₦40,000, buhu 3 ne. Idan ya faɗi zuwa ₦30,000, buhu 4 ne. Bari yaron ya ga buhunan da idonsa, ya tuna da kunya nawa aka yi noma kafin a same su.

Akwai iyakar da ba za a ƙetare ba. Irin shuka, abincin gida har zuwa wata kakar, kuɗin taki, da shanun huɗa, waɗannan ba na guzuri ba ne. Wanda ya sayar da su domin zango ɗaya ya kashe zangon da ke biye.

A ware kuma wani abu a gefe domin manyan kashe-kashen da aka san suna zuwa: koyon aikin koyarwa ga ɗan kwalejin ilimi, zuwa koyon aiki a masana'anta ga ɗan kwalejin fasaha, da rubutun bincike a shekarar ƙarshe. Ga kuma rashin lafiya da yajin aiki. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, amma masu gidajen haya ba su daina ƙirga watanni ba. Wannan ajiya a hannun iyaye za ta zauna.

'YA MACE

A wasu gidaje ana ba ɗa namiji fiye da 'ya mace, wai shi ne mai hidima. Lissafi bai yarda da wannan ba. Yarinya tana da bukatar audugar mata kowane wata, da kitso, da ƙarin sabulu. Ba za ta iya takawa da ƙafa da dare ba inda namiji zai taka. Yawancin 'yan mata kuma ba za su iya buɗe baki su gaya wa uba waɗannan abubuwa ba. Uwa ta zauna da ita ta rubuta, uba ya biya ba tare da yawan tambaya ba. Muna roƙon Zumuntar Mata su ɗauki wannan magana.

WATA-WATA, A RANA ƊAYA

Yanzu aika kuɗi ba wuya. Akwai mai POS a kusan kowace kasuwar ƙauye. Sauƙin nan kuwa yana da nasa haɗari, gama yaro ya san in ya kira da kuka, kafin awa ɗaya kuɗi ya shigo. Maganin shi ne a sa rana, misali ranar kasuwa ta fari a kowane wata. Yaro ya san ba zai samu kafin ranar ba, ya kuma tabbata ba za ta wuce ba. Ku lura, alkawarin nan kaifi biyu gare shi. Idan muna so yaro ya daina ƙarya, mu ma mu daina "sai jibi, sai gata". Ɗalibin da bai san ranar da kuɗi zai zo ba, ba ya iya tsara kome.

A Fitowa sura 16, Allah ya ciyar da jama'arsa a jeji da rabon yini-yini, abin da aka ɓoye fiye da kima kuwa ya yi tsutsa. Ɗan nan na Luka sura 15 ya karɓi rabonsa duka a rana ɗaya, mun kuma san inda ya ƙare. A shekarar fari a aika wata-wata. Idan yaro ya nuna aminci, a shekara ta biyu ana iya ba shi na wata biyu a haɗe. Haka ake koya wa ɗan maraƙi huɗa, da kaɗan-kaɗan.

Uba da uwa kuma su zama baki ɗaya. Mun sani sarai, sau da yawa uba yakan tsuke hannu, uwa ta sayar da akuyarta a ɓoye ta aika. Ko kuwa yaro ya karɓa wurin uba, ya karɓa wurin uwa, ya karɓa wurin kawu da ke birni, ba wanda ya san na wani. A tara dukan taimakon dangi cikin lissafi ɗaya.

MASU CEWA A'A

Wani zai ce, "Mu ma mun sha wuya muka yi karatu. Bari shi ma ya sha." Akwai gaskiya a ciki. Wuyar da ke koya wa mutum tattali tana da amfani, shi ya sa muka ce a sa iyaka. Amma yunwa ba horo ba ce.

Wani zai ce, "Rubuta lissafi rashin yarda ne." To, ai ma'ajin ƙungiyarmu ma yana karanta lissafi a gaban membobi, ba domin ɓarawo ne ba. Kai ma uba ka buɗe naka lissafin: buhu nawa aka samu, nawa za a ci, nawa ne na taki, nawa ne na ƙanne. Yaron da aka nuna wa cikin rumbu ba ya cika roƙon abin da babu.

Wani kuma zai ce, "Ya nemi aiki ya riƙe kansa." Sana'ar hannu kamar aski, kitso, ɗinki ko koyar da yara da yamma tana da kyau, in ba ta cin lokacin darasi. Mafi kyau duka shi ne a ba ɗalibi 'yar gayaunarsa ko kaji da awaki nasa, ya yi aikinsu da hutu, abin da ya fito ya shiga guzurinsa.

Game da rancen NELFUND: na ɗaliban makarantun gwamnati ne, babu ruwa a kansa, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ya fi bashin ba-da-kaka nesa. Duk da haka bashi ne, sunan yaron ne kuma a kai. Idan ya karɓa, iyaye su sani, a sa shi cikin lissafi, a rage abin da gida yake aikawa.

AIKIN ƘUNGIYA

Matsalar manomi ita ce kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, bukatar ɗalibi kuwa kowane wata ce. Nan ne ƙungiyar gama kai take da aiki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da kaka, kowane memba mai ɗa a kwaleji ya kai "buhunan makaranta" ma'ajiyar ƙungiya, a rubuta sunansa. A riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan, ma'aji ya aika wa ɗalibin a ranar da aka sa. Abin da ba ya cikin ɗaki, ba a cika taɓa shi don biki ko Kirsimeti ba. A yawancin shekaru farashi yakan tashi daga kaka zuwa damina. Amma mu tuna da 2025, sa'ad da farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba, masu ajiya da yawa suka yi hasara. Saboda haka kada guzuri ya rataya a kan masara kaɗai. Ƙwai, awaki, aladu, lambun rani da adashi suna kawo kuɗi a watannin da rumbu ba ya kawowa.

Iyayen da 'ya'yansu suke makaranta ɗaya su haɗa kaya a mota ɗaya, kuɗin dako ya ragu. Ƙungiya ta san wani dattijo ko fasto a garin da makarantar take, wanda zai riƙa leƙa yaran, a kuma kira shi in an ji labarin rashin lafiya kafin a aika kuɗi. Kada mu manta da marayu da 'ya'yan gwauraye da na waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. Mudu ɗaya daga kowane memba yana iya riƙe ɗalibi guda har zango ya ƙare.

DOMIN TATTAUNAWA A TARONKU NA GABA

1. Ɗalibai nawa ne daga ƙungiyarmu suke manyan makarantu, a waɗanne garuruwa?
2. Wa zai karɓi buhunan makaranta, wa zai riƙe littafin?
3. Akwai ɗalibin da ba shi da mai aika masa? Me za mu yi kafin a koma zango?

Ku gayyaci ɗalibai biyu, namiji da mace, su zo taron da littafin lissafinsu. Allah shi ba mu hikima, shi kuma tsare mana 'ya'yanmu a inda suke. Amin.